Abin Da Ya Haɗa Kankana Da Hannun Goggo: Tarihin Gano Sirrin Amosanin Gaɓɓai

 Kamar kullum, ga shirin wannan makon a rubuce, domin waɗanda data ta yi wa tsada da waɗanda suka fi son su karanta a natse. Shirin yau yana da ɗan tsawo, a daure a bi mu har ƙarshe.

Tarihin wata cuta za mu bi, kuma daga gidanmu zan fara.

Ina da goggo, ƙanwar mahaifina, wadda duk unguwarmu an san ta da kitso. Ranar jajibirin salla sai ka rasa inda za ka taka a tsakar gidanta saboda mata da yara. Ba ta kai shekara 45 ba hannuwanta suka fara yi mata gardama. Da asuba yatsun sai su sandare, ko buta ba ta iya ɗagawa, sai hantsi ya yi sosai sannan su ɗan saki. Kuma gaɓar da ta kumbura a hannun dama, ita take kumbura a hagu, kamar an auna. Wasu suka ce sanyi ne, ta bar taɓa ruwan randa. Wasu suka ce ai hannu aka sa mata, kasuwarta ce ta tsone wa wasu ido. An yi hayaƙi, an yi tsaga, an sha jiƙo. Wani mai kemis ya dinga haɗa mata ƙwayoyi a farar leda. In ta sha sai ta ji garau, amma fuska ta yi ta cika, ciki ya fara zafi. Shekara uku muna haka kafin mu kai ta asibitin koyarwa.

Likitan ya juya hannun, ya yi shiru, ya rubuta gwajin jini. A takardar na ga anti-CCP. Na ce, "Likita, wannan kuma na mene ne?" Ya ce, "Shi zai nuna mana ko garkuwar jikinta ce take yaƙar gaɓoɓinta. Da tun shekarar farko kuka zo, da wuya yatsun nan su karkace haka."

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Da na koma gida na shiga karatu a kan haruffan nan uku, sai na tarar C ta biyu daga sunan kankana ta samo asali. Eh, kankanar da muke sha da azumi. Yadda aka yi kankana ta shigo takardar gwajin Goggo, labari ne da ya ɗauki shekara 200.

Amma bari mu fara fahimtar abu ɗaya, in ba haka ba za mu ɓata a hanya. Idan an ce furotin, yawancinmu wake da ƙwai da nama muke tunawa. To jikinmu ma da furotin aka gina shi, kuma su ne ma'aikatansa: gashi, fata, jini, guringuntsi, duk su ne. Ka ɗauki kowane furotin kamar dogon zare da aka jera wa duwatsu, duwatsun kuma iri 20 ne, ana kiransu amino asid. Ƙwayoyin gadonmu, su wajen 20,000, su ke faɗin yadda za a jera. Sai dai bayan an gama jerawa aiki bai ƙare ba. Kamar babbar riga ce: tela ya ɗinka, mai aiki ya ɗora zare a wuya, a kai wa mabuga su buga ta yi ƙyalli. Jiki ma haka yake yi wa furotin, ya liƙa masa wani abu, ya yanke wani ɓangare, ko ya sauya kamannin dutse ɗaya. Wannan shi zan riƙa kira kwaskwarimar furotin. Kowa jikinsa yana yin ta dare da rana, in babu ita babu rai.

Garkuwar jiki kuma ku ɗauke ta kamar 'yan sintirin unguwa. Sun haddace fuskar kowane ɗan gida, baƙo kawai suke tarewa. Makaman da suke harbawa a jini su ake kira antibodi. To yaya ke nan idan ɗan gida ya dawo cikin dare, an sauya masa kamanni? Ku riƙe wannan tambayar.

Mu tafi Faris, shekarar 1800. Akwai wani matashin likita ɗan shekara 28, kusan sa'ana ke nan, sunansa Augustin Jacob Landré-Beauvais. Yana aiki a Salpêtrière, wani katafaren gida da ake tara mata marasa galihu. A zamanin, ciwon gaɓɓan da likitocin Turai suka fi sani shi ne gawut, mai kama babban yatsan ƙafa, wanda ya fi addabar maza masu hali, ma'abota nama da giya. Su ne ke iya biyan likita, don haka ciwonsu aka fi rubutawa. Shi wannan matashi sai ya lura matan da ke gabansa nasu daban ne. Talakawa ne, ramammu, ciwon ya kama gaɓoɓi da yawa lokaci guda, ba ya tafiya, kuma yana karkatar da yatsu. Ya rubuta kundin digirinsa a kan mata tara. Wannan kundin ake ɗauka a matsayin bayanin farko na cutar a likitancin zamani. Ku lura, abin da ya sa ya gan ta shi ne ya duba mutanen da ba a saba dubawa ba. Za mu dawo kan wannan.

A Landan kuma, Alfred Garrod ya nuna a 1848 cewa jinin masu gawut cike yake da sinadarin yurik asid. Masu wancan ciwon na matan Faris kuwa ba haka jininsu yake ba, ashe cuta biyu ce. A 1859 ya raɗa mata sunan da likitoci ke kiranta da shi har yau, rumatoyid. Mu a nan komai amosanin gaɓɓai ne ko sanyin ƙashi, amma wannan iri ne na musamman, ya sha bamban da ciwon gwiwar tsufa.

An samu suna, saura dalili. A nan aka daɗe ana lalube, har da laifin wani babban malami. Paul Ehrlich na Jamus, wanda ya ci kyautar Nobel a 1908, ya yi gwaji da awaki wajen 1900. In ya sa wa akuya jinin wata akuya, jikinta yakan ƙera makamai a kansa, amma bai ga ta ƙera a kan nata jinin ba. Ya ce lallai jiki yana da tsarin da ke hana shi cutar da kansa. Na bayansa suka ɗauki maganar fiye da yadda ya faɗe ta, suka ce ai sam garkuwa ba ta taɓa ɗan gida. Wajen shekara 50 ƙofar nan tana rufe. Aka koma zargin ƙwayoyin cuta da ke ɓoye a haƙora da 'yan wuya, har aka yi ta cire wa marasa lafiya haƙora da sunan magani.

Jinin tumaki ne ya fara tsaga bangon. A Oslo ta ƙasar Norwe, Erik Waaler ya lura jinin wani mai rumatoyid yana dunƙule jajayen ƙwayoyin jinin tunkiya da aka shafa wa antibodi, ya wallafa a 1940. Yaƙin duniya ya binne labarin, sai a 1948 Harry Rose ya sake gano abin a New York. Wannan shi ne gwajin RF da har yanzu ake yi a asibitocinmu. Abin da aka gano daga baya ya girgiza mutane: RF antibodi ne da ke kai wa wasu antibodin na jikin mutum hari. Ɗan sintiri yana dukan ɗan sintiri. A 1956 kuma masana a Landan da Amurka suka tabbatar garkuwa tana iya yaƙar ƙullin nan na wuya da ke zama maƙoƙo in ya kumbura. Daga nan aka yarda cewa lallai da ɗan gari akan ci gari.

Sai dai RF yana da matsala, kuma ta fi shafarmu. Yana iya fitowa a jinin mai tarin fuka, mai ciwon hanta, mai yawan zazzaɓin cizon sauro, har da tsoho mai ƙoshin lafiya. Ana buƙatar shaidar da ta fi wannan.

A shekarar 1948 ɗin dai, a asibitin Mayo na Amurka, Philip Hench ya yi wa wata mata da ciwon ya kwantar allurar kotizon, cikin 'yan kwanaki ta miƙe tana tafiya. Duniya ta ɗauka an gama, a 1950 aka ba shi Nobel tare da Edward Kendall da Tadeus Reichstein. Ba a jima ba aka ga kuɗin da jiki ke biya in an daɗe ana sha: kumburin fuska, hawan jini, ciwon suga, raunin ƙashi. Dangin kotizon ɗin nan, irin su firednisolon da dekza, su ake yawan cusawa a haɗin farar leda. Darasin da likitoci suka koya tun shekarun 1950, mu a fuskar Goggo muka koye shi.

Yauwa, yanzu mu zo ga kankana. A 1914 wasu masana biyu a Japan, Koga da Odake, suka tace wani sinadari daga ruwan kankana. A 1930 wani ɗan ƙasarsu, Mitsunori Wada, ya tantance shi ya sa masa suna sitrulin, daga Citrullus, sunan kankana da Latin. Amino asid ne, amma ba ya cikin duwatsu 20 ɗin nan da ake jera furotin da su. Saboda haka kowa ya ɗauka ba za a taɓa ganin sa a jikin furotin ba.

Sai ga George Rogers a Ostireliya, ƙasar da a wancan lokacin arzikinta ya dogara da ulu. Gashi yake nazari, babu ruwansa da ciwon gaɓɓai. A 1958 ya tarar da sitrulin zaune daram a cikin furotin na saiwar gashi. Ta ina ya shiga? Sai a 1977 shi da abokan aikinsa suka nuna hanyar. Akwai wani enzayim, wato furotin mai aikin sarrafa wasu, da ke zuwa bayan an gama jera zaren, ya kama dutsen da ake kira ajinin ya mayar da shi sitrulin. Yau ana kiran enzayim ɗin PAD, kuma iri biyar ne a jikin mutum. Sauyin ɗan mitsitsi ne. Ajinin yana ɗauke da caji irin na kan batir mai alamar +, sitrulin kuwa ba shi da caji. Amma da cajin nan ya tafi, naɗin furotin sai ya sauya, fuskarsa ta zama wata. Kwaskwarima ke nan. A fata da gashi aiki ne mai amfani, shi ke taimaka musu su yi tauri.

Masu gashi suna nasu, likitocin gaɓɓai suna nasu, babu wanda ya san da wani. A 1964 a Groningen ta ƙasar Holan, Nienhuis da Mandema suka kankaro ƙwayoyin halitta daga cikin kuncin mutum, suka ɗiga musu jinin masu rumatoyid, sai suka ga wasu antibodi suna manne wa wasu 'yan ɗigo-ɗigo a ciki. Jinin sauran mutane ba kasafai yake yin haka ba. Gwajin ya fi RF iya tantancewa, amma wahala gare shi, don ba kuncin kowa ke yi ba. A 1979 wasu a Ingila suka ga irin wannan a bututun abincin ɓera. Shekara kusan 30 ana ganin hari, ba a san wa ake hara ba.

A 1993 da 1995, ayarin Guy Serre a Toulouse ta Faransa suka nuna cewa gwajin kunci da na ɓera abu ɗaya suke gani, wani furotin na fata mai suna filagirin. Sai kai ya ƙara ɗaurewa, domin babu filagirin a cikin gaɓa. Me ya haɗa furotin fata da kumburin yatsa?

Amsar ta fito a 1998 daga Nijmegen, a Holan. Gerard Schellekens da Walther van Venrooij suka ƙera gutsattsarin filagirin a ɗakin gwaji, kashi biyu. Kashi ɗaya da ajinin yadda aka jera shi tun asali, ɗayan kuma an sa sitrulin a gurbinsa. Jinin marasa lafiya ya wuce na farko ko kallo bai yi masa ba, ya far wa na biyu. Jama'a, dutse ɗaya fa! Ashe ba filagirin ake nema ba, duk furotin da aka yi wa wannan kwaskwarimar abin hari ne. Ayarin Toulouse suka tabbatar da haka a 1999, a 2001 kuma suka samo wanda ake hara a cikin gaɓar kanta: fibirin, furotin da ke sa jini ya daskare, an mayar da ajinin ɗinsa sitrulin. Mutanen Nijmegen suka lanƙwasa gutsuren nasu ya zama zobe don antibodi ya fi kama shi, a 2000 suka fito da gwajin anti-CCP. C ta farko zobe, C ta biyu sitrulin, P kuma gutsuren furotin. Yana fitowa a wajen mutum biyu cikin uku masu cutar, kuma cikin mutum 100 da ba su da ita, waɗanda zai yi wa ƙarya ba su fi biyar ba. A 2010 ƙungiyoyin likitocin gaɓɓai na Amurka da Turai suka sa shi cikin ma'aunin tantance cutar.

To, wani zai ce, ba ka ce kowa jikinsa yana kwaskwarimar nan ba? Haka ne. Duk inda kumburi ya faru ƙwayoyin halitta suka mutu, kalsiyam yakan kwararo ya tada PAD, sitrulin ya yawaita. Wannan yana faruwa a jikin kowa. Abin da ya bambanta shi ne ko 'yan sintiri za su ɗauke shi a matsayin baƙo. A nan gado ya shigo. Tun shekarun 1970 Peter Stastny ya lura wani nau'in ƙwayar gado, HLA-DR4, ya yi yawa a masu cutar, a 1987 kuma Peter Gregersen da abokansa suka gano ɗan yankin da nau'o'in masu haɗari suka yi tarayya a kai. Aikin HLA kamar faranti ne da ake ɗora gutsuren furotin a miƙa wa sojojin jiki su duba. A 2003 masana a Kanada suka nuna cewa farantin masu wannan gado ba ya karɓar gutsure mai ajinin sosai, amma in ya koma sitrulin sai ya zauna cif. Ɗan gida ya sauya fuska, ga kuma mai kai rahoto.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gado shi kaɗai ba ya isa. A 2006 Lars Klareskog da ayarinsa a cibiyar Karolinska ta Suwidin suka samu furotin masu sitrulin a huhun masu shan taba. Suka kuma lissafa cewa mai shan taba da ya gaji wancan nau'in ta uwa da uba, haɗarinsa na kamuwa da irin cutar mai anti-CCP ya ninka sau 21 a kan wanda ba ya sha kuma bai gada ba. Ƙurar dutse ma an daɗe da sanin tana ƙara haɗari, tun 1953 Anthony Caplan ya bayyana wani ciwon huhu a masu haƙar kwal na Wales da ke da rumatoyid. Ku tuna da 'yan uwanmu masu fasa dutse da masu niƙa duwatsun zinare ba takunkumi. Sannan a baki, akwai ƙwayar cutar dasashi mai suna Porphyromonas gingivalis da ke da nata enzayim ɗin mai yin sitrulin, kuma ciwon dasashi ya fi yawa a masu rumatoyid. Shi ya sa masana da yawa yanzu suke ganin wutar daga huhu ko baki take tashi, gaɓa hayaƙin take sha daga baya.

Ga kuma binciken da ya fi taɓa ni. A Umeå ta Suwidin a 2003, da Amsterdam a 2004, masana suka koma ma'ajiyar jini, suka zaƙulo tsohon jinin da masu rumatoyid suka bayar tun suna lafiya lau. A binciken Amsterdam, mutum 79 ne, kuma kusan rabinsu alamar tana jininsu tun kafin gaɓa ta fara ciwo, a tsakaice da shekara huɗu da rabi, wasu ma fiye da shekara goma. Ke nan mai yiwuwa lokacin da Goggo ke yarfa wa amare kitso tana raha, yaƙin ya riga ya fara a jininta. Babu wanda ya jefe ta ranar da aka ce an jefe ta.

Kuma ba rumatoyid kaɗai ba ne. Akwai cutar siliyak, inda cin alkama ke lalata hanjin wasu mutane. A 1997 da 1998 aka gano wani enzayim na jiki ne ke yi wa furotin alkama kwaskwarima, sannan garkuwa ta harzuƙa. A 2011 a Leiden aka samu wasu antibodi masu bin wata kwaskwarimar daban, har a jinin wasu masu rumatoyid da anti-CCP bai nuna komai ba. Magani ma ta nan yake bi. Asfirin da muka raina, liƙa wa enzayim mai haddasa kumburi wani ɗan sinadari yake yi ya kashe shi. Tofasitinib da Amurka ta amince da shi a 2012, hana liƙa fosfet yake yi a kan furotin masu isar da saƙon kumburi. A 2024 kuma aka wallafa wani gwaji da aka yi a Ingila da Holan kan mutum 213 masu alamar a jini da ciwon gaɓa, amma cutar ba ta bayyana ba tukuna. Bayan shekara guda, 6 cikin 100 na waɗanda aka yi wa allurar abatasef ne suka kamu, a ɗaya ɓangaren kuwa 29. Da aka daina allurar tazarar ta ragu, amma an ga alamar ana iya tarar cutar tun a hanya.

To mu fa, ina muke a tarihin nan? A 1968 wani matashin likita Bature, Brian Greenwood, ya duba kundin marasa lafiya na asibitin koyarwa na Ibadan, ya ga rumatoyid da danginta sun yi ƙaranci ƙwarai in an kwatanta da Ingila. Ya kawo hasashen cewa yawan zazzaɓin cizon sauro da sauran cututtuka na iya sauya halin garkuwa. Shi ne daga baya ya yi shekara goma a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya yana aiki a kan sanƙarau da maleriya. Tambayarsa mai kyau ce, har yau ana bincike a kanta. A 1975 kuma bincike a Afirka ta Kudu ya nuna cutar ba ta da yawa a karkara, amma a Soweto ta kusa kai ta Turai, abin da ke nuna muhalli yana da hannu. Sai dai maganar ta rikiɗe a bakin mutane ta zama wai baƙar fata ba ya wannan ciwon. A 2010 Farfesa Olufemi Adelowo da abokansa suka wallafa bayanin mutum 200 masu rumatoyid daga asibiti guda a Legas, mafi yawansu mata.

A nawa ganin, darasin Faris ne ya dawo. Kundin asibiti wanda ya iso asibiti yake ƙirgawa. Goggo ta yi shekara uku da cutar, ba ta cikin lissafin kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 18 ke fama da ita, kusan 70 cikin 100 mata. Nawa ne cikinsu suke zaune a ɗaka a garuruwanmu, ana cewa sammu ne?

Saboda haka ga abin da nake roƙo a ɗauka daga shirin yau. Idan ƙananan gaɓoɓin hannu ko ƙafa suka kumbura dama da hagu, suna sandarewa da safe fiye da rabin awa, aka kwashe makonni ba sauƙi, a nufi babban asibiti, a nemi likitan gaɓɓai. Ku tambaya ko ya kamata a yi anti-CCP tare da RF, amma ku sani gwaji ba ya yanke hukunci shi kaɗai, akwai masu cutar da jininsu ba ya nunawa. Watannin farko su ne zinare, don ƙashin da ya zaizaye ba ya dawowa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A bar haɗin farar leda. Mai shan taba ko shisha, musamman in akwai ciwon a danginku, ga ƙarin dalilin bari. A kula da baki, a sa takunkumi a wurin ƙura.

Goggo yanzu tana kan metotirezet, maganin da ya zama ginshiƙi tun shekarun 1980. Sau ɗaya ake shan sa a mako, ba kullum ba, da sa idon likita da gwajin jini, kuma mai ciki ba ta shan sa. Kumburin ya sauka, tana alwala da kanta, tana barci. Yatsu uku da suka karkace dai sun karkace. Kitso ya koma hannun 'yarta, ita kuma tana gefe a kan tabarma tana ba da umarni, wai tsagar nan ba ta miƙe ba, a warware.

Ranar da na kwashe labarin nan kaf na ba ta, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "To ɗan nan, in bar shan kankana ke nan?" Na ce, "A'a Goggo, sha abinki. Sitrulin na kankana a sake yake, jiki ba ya jera shi cikin furotin. Ba ya kawo ciwon, ba ya kuma warkar da shi. Suna kawai ta ba da aro." Ta ce, "Ato. Don in ji, ko ita ma za a ɗora mata laifi kamar yadda aka ɗora wa maƙwabciyata."

Maƙwabciyar nan shekara uku ba sa gaisawa. Bayan sakamakon gwajin ya fito, Goggo da kanta ta shiga gidanta ta nemi gafara.

A nan za mu dasa aya. Duk wanda ya san wata uwa ko 'yar uwa da hannunta ke sandarewa da asuba, ya karanta mata wannan, ya kuma raka ta asibiti. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.